Memori Mai Jan Ɗigo

Shekara talatin da ɗaya muka yi da Mashkura, kuma a iya sanina fim ɗin Indiya take kallo. Ban taɓa tambayarta ba. Nakan ɗaga kai daga littafi in gan ta a kan tabarma, waya a hannu, tana share ido da bakin zane, sai in ce a raina to, ga wani ya sake mutuwa a cikin ruwan sama.

Ni na sallami kallo tun ina ɗalibi a Sakkwato. Sau huɗu na shiga silima, na ga abin da zan gani. Na ga Ba'indiye an zuba masa harsashi tara, ya samu sukunin rera waƙa mai baiti shida kafin ya faɗi. Na ga Ba'amurke ya rushe rabin gari don ya ceci mutum ɗaya, aka tafa masa. Daga baya namu na gida suka zo, a tara mutum biyar a falo ɗaya, kujera ɗaya, labule ɗaya, suna gaya wa juna abin da mai kallo ya riga ya sani. Na 'yan Sin kuwa, masu tashi sama kamar fara, ban ma sa su a sahun finafinai ba. Wannan ra'ayi na bayyana shi a gida ba sau ɗaya ba, na kuma kafa doka cewa ba a kunna mini hayaniya ina karatu. Mashkura ba ta yi musu ba. Ta aika aka sayo mata iyafis, ta toshe kunnuwanta, muka zauna lafiya.

Ta rasu a daminar bara, bayan jinyar kwana goma sha ɗaya. Da aka watse daga zaman makoki na ɗauki wayar tata, 'yar ƙarama mai madannai, ina dube-dube ba don komai ba. A cikin memorin, wanda ta ɗiga wa jan farce don kada ya ɓace mata cikin na mutane, akwai finafinai birjik. Ban buɗe ko ɗaya ba, na riga na san abin da ke ciki. Amma a ƙasansu akwai wani abu na sauti, minti ashirin da uku. 'Yarmu Yusra, wadda ke aure a Rabah, ita ta ɗauke shi a ɓoye wata rana da ta zo ganin gida, don ta tsokani uwarta. Ta tura mata, daga baya wayar Yusran ta faɗa rijiya da duk abin da ke cikinta. Saura wannan kaɗai a duniya.

Ba a jin fim ɗin, tunda yana cikin kunnenta. Muryarta kawai ake ji, da kukan kaji, da buɗe shafi daga nesa. Tana gaya wa wani ya duba bayansa. Tana cewa a bar tsintsiya a ɗauki ludayi, abin da ya tabbatar mini rigimar kicin ce tsakanin amarya da uwar miji. A minti na goma sha bakwai ta ɗaga murya ta ce, "Malam, zo ka gani." Wani mutum ya amsa daga can gefe, da muryar da na so a ce ban gane ba: "Ina karatu." Sai ta ce a hankali, "Wallahi shi na, har tabarau." Sai jan hanci, da wani sauti kamar shessheƙa.

Na kusa shekara ina juya wannan magana. A finafinan Indiya mai tabarau shi ne uban da ke hana aure, kuma yakan mutu da ciwon zuciya kafin a tashi, kowa ya huta. Na ɗauka abin da take nufi ke nan, na kuma karɓa. Kullum bayan la'asar nakan rufe ƙofar gida in saurara daga farko har ƙarshe. Ban gaya wa kowa ba. Mutumin da ya yi shekara talatin da biyar yana koyar da 'ya'yan mutane a Wurno ba zai tsaya yana bayanin abin da ya sa yake kara waya a kunne ba tare da an kira shi ba.

Ran wata Litinin, cikin zafin bazara, Yusra ta zo da kwanon dambu da sabuwar tsintsiya. Ta share gidan, ta haɗa da ni: ba na cin abinci, ba na fita majalisa, na zama turmi a tsakar gida. Na tafi sallar azahar na bar ta tana wanke-wanke. Kafin la'asar ta kama hanya, don yanzu ba mai hankalin da ke bari yamma ta same shi tsakanin garuruwan nan. Na rufe ƙofa, na zauna, na danna. Waya ta ce babu memori.

Na kira ta. Tana cikin mota, iska na kaɗa maganarta.

"Baba, don kai niy yi. Na ba Isma'ila direba shi kai Achida wurin Mode mai turi, shi cika ma da abin kallo. Ka riƙa ganin mutane suna motsi, ko a waya na."

Na tambaye ta ko ta ce kada a goge komai. Ta ce mi za a goge, tsofaffin finafinan Inna ne, ai ni ma ba so nake ba. Na ce haka ne. Na kashe.

Na san aikin masu turi ko da ban taɓa shiga shagonsu ba. A kai musu memori, su soka a kwamfuta, su wanke shi tas kamar allo, sannan su zuba sabo. Na kira Isma'ila, layinsa bai shiga ba. Na je tasha, ba motar da za ta tashi. Na dawo na zauna da wayar a hannu har aka kira magariba, kuma karo na farko cikin shekaru na karanta shafi ɗaya sau huɗu ban san abin da ya ce ba.

Washegari wajen azahar Isma'ila ya yi sallama a ƙofata, yana murmushi irin na wanda ya kawo abin arziki. Ya miƙo mini 'yar takarda a nannaɗe, an zana dunƙulen hannu a bayanta. Na buɗe. Memori ne, baƙi wul, babu jan ɗigo. Na saka a waya, na ga wasu masu sanƙo biyu suna harbin juna da ƙafa a kan rufin ɗaki.

Isma'ila ya yi mini bayani. Mode ba ya rubuta suna a kan kaya, don matan aure ba sa son sunansu yana yawo a tasha, rabin direbobi kuma ba karatu suke yi ba. Alama yake zanawa. Ɗigon hawaye na Indiya, doki na Turkawa, kujera na Hausa, ƙoƙon kai na ban tsoro, dunƙulen hannu na duka. Ya ce masu dunƙule biyu aka ba shi, ɗaya na Wurno ɗaya na Goronyo, ƙila su ne suka sauya wuri a aljihunsa.

Na ce masa ba zai yiwu ba. Memorin matata yana cikin masu hawaye, ya tuna da kyau. Ya ce masu hawaye guda bakwai ne, daga Rimawa har Shinaka, amma shi dai dunƙule aka ce masa na Wurno. Na ce ni na zauna da ita ko shi? Ya ce ni. Muka ajiye a kan gobe da safe zan bi shi Achida in ji daga bakin Mode.

A hanya Isma'ila ya ga ya samu mai ilimi a gidan gaba, sai ya ɗauko mini labarin wani fim na Turkawa da yake bi, kashi ɗari da arba'in. Ya ce shi ba ya kallon abin da babu doki da takobi, sauran duk wasan mata ne. Daga Wurno har Achida yana ba ni labari, kuma lokacin da muka tsaya jarumin bai gama ɗaura sirdi ba.

Shagon Mode ɗan akurkin kwano ne a gefen tasha, da farantin sola a sama da tsohuwar kwamfuta a kan tebur. Shi kansa mutum ne mai kimanin shekara arba'in, siriri, idanunsa sun yi ja irin na wanda ya ga kowane fim a duniya bai gama ko ɗaya ba. Ina cewa memori mai jan ɗigo sai ya miƙe tsaye.

"Hajiya mai jan ɗigo. Kai ne maigidanta, Baba? Ina tash shiga? Shekara guda ban ji ɗuriyarta ba."

Bai taɓa ganinta ba, bai san sunanta ba. Direban da ke kai mata kaya ya daina bin hanyar tun da aka tare shi a daji, ba wanda ya kawo wa Mode labari. Na gaya masa. Ya rufe kwamfutar a hankali, ya ɗaga hannu ya yi mata addu'a doguwa, ta fi wadda wasu 'yan uwanta suka yi. Da ya shafa na tambaye shi ko ya goge memorin. Ya ce subhanallahi, shi ya goge memorin Hajiya? Tun aikenta na farko ta yi masa kashedi, ƙari kawai yake yi. Duk abin da ke ciki yana nan.

Na nemi benci na zauna. Sannan na ce to ya gaya wa wannan direba a cikin masu hawaye ya sa shi.

Mode ya dube ni, ya dubi Isma'ila. Ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya ɗauko wani gwangwanin madara, ya juye a gabana. Takardu ne ƙanana, sun fi hamsin, waɗanda take naɗe memorin a ciki idan za ta aiko. Ya ce yana ajiye su ne don ranar da kasuwa ta yi sanyi, ya karanta ya yi dariya.

Takardar na fara ganewa kafin rubutun. Shekara da shekaru ina samun littattafaina babu farin shafin ƙarshe. Na zargi gara, na zargi ɗalibai, na taɓa hana Yusra fita wasa kwana biyu a kan wannan. Ga su nan, an yanka su da kyau da reza.

Na ɗauki ta farko. "Malam Mode, wanga na Indiya na mayar ma. Awa ukku yarinya na kuka a kan mutumin da ko akuya ba ni ba shi kiwo. Kada ka ƙara."

Na ɗauki wata. Ta ce ba ta son na bindiga, kowane rago ya iya harbi, muna ganinsu a daji. A wata ta ce na aljanu ya ba ta dariya: gida yana korar mutane da dare sun ƙi fita, da a Wurno ne da asuba sun kwashe har da murhu. Game da Turkawan Isma'ila ta rubuta cewa dawakan suna da kyau, amma an kai kashi tamanin ba a ci garin ba, idan sun ci a aiko mata da labari. Isma'ila ya ce ai a na ɗari da goma aka ci. Ba wanda ya kula shi. Na Hausa ta ce a riƙa sa mata ɗaya-ɗaya don lokacin tsinkar zogale, tunda ba sai an duba ba. Akwai wani na Amurka da ta yaba, na wani mutum da ya maƙale shi kaɗai a kan teku, ta ce aƙalla shi ya yi shiru. Amma abin da ya fi yawa, a takarda bayan takarda, magana ɗaya ce: "Ka samo min na Sin, hannu da hannu, wanda tsoho ka cin nasara."

Abin da ya fi ci mini rai ba dukan ba ne. A kan Indiya da na Hausa bakinmu ɗaya da ita. Mun yi shekaru muna ƙin abu ɗaya a tsakar gida ɗaya, taku biyar tsakaninmu, kuma ta fi ni iya faɗa. Ta zauna tana jin ina yi mata lacca a kan finafinan da ta riga ta mayar.

Mode ya bari na gama, sannan ya ce akwai wata 'yar matsala. Ɗaya mai dunƙulen, na Goronyo, wani Iliyasu ne mai gadin rumfar albasa. Mutumin kirki, amma yana da ɗabi'a: duk abin da ya kalla sai ya goge nan take, don kada ya ruɗe ya maimaita. Abin da kuma bai gane ba, shi ma gogewa yake yi. Tun jiya da safe memorin yake hannunsa. Mode ya kira shi sau uku, a kashe. Ya ce haka yake, idan ya samu sabon kaya cire layi yake yi gaba ɗaya, ko gidansa ke cin wuta sai dai a aika da ƙafa.

Na tattara takardun na zuba a aljihu. Mode ya bi su da kallo kamar an ɗauke masa abinci. Na ciro ta akuyar na mayar masa, don na riga na haddace ta.

Daga Achida zuwa Goronyo Isma'ila bai yi maganar doki ba. Ni kuma ina lissafin abin da mutum marar aikin yi zai iya kalla a yini ɗaya da rabi, ina roƙon Allah ya sa Iliyasu daga sama yake farawa.

Mun isa rana ta take tsaka. Rumfunan suna bayan kasuwa, wajen fadama, inda ake jibge albasar da aka cire a kan rudu, wato gadon kara da ake ɗagawa daga ƙasa don iska ta ratsa. Warin ya tarye mu tun daga titi. Ina tafiya tsakanin buhuna ina tambayar rumfar Iliyasu, sai na ji matata, da ƙarfi, tana gaya wa wani ya duba bayansa.

Na tsaya. Na san daga waya take fitowa, ni ba yaro ba ne. Duk da haka sai da na dafa buhu.

A ƙarƙashin rumfar zana mata takwas ne zaune suna tsince ruɓaɓɓiyar albasa daga mai kyau, hannu yana aiki ido yana wani wuri. An jingina waya a jikin buhu, fim yana tafiya ba sauti. Kusa da ita wata wayar ce haɗe da 'yar sifika, daga nan Mashkura ke magana. Wani ƙaton mutum mai tsagen gemu yana tsugune a gaba kamar liman, shi ne Iliyasu. Na yi sallama. Wata dattijuwa mai kaifin ido, wadda daga baya na ji ana kira Adawiyya, shugabar masu tsintar, ta amsa ba tare da ta juyo ba, ta ce in zauna, an kusa wurin.

Na zauna a kan buhu. A cikin fim ɗin wani gidan abinci ne, 'yan iska sun cika shi, wani saurayi yana kare kansa da tsintsiya. Mashkura ta ce a bar tsintsiya a ɗauki ludayi. Saurayin ya yar da tsintsiya ya ɗauki ludayi, ya kwaɗa wa na gabansa a goshi. Matan suka yi shewa. Iliyasu ya juyo ya gaya mini, a matsayina na baƙo, cewa sau goma sha ɗaya ya ga fim ɗin nan kafin ya koyi goge abin da ya kalla, yana jin maganar ludayi ya gane shi, sai ga shi kuma a cikin memorin. Ya ce duk masu fassarar da ke Kano ba wanda ya kai matar nan.

Sai na ji wurin nan yana zuwa, don na san kowane numfashi na wannan sauti. "Malam, zo ka gani."

Mata takwas da ƙaton namiji ɗaya suka haɗa baki, suka toshe hanci, suka ja murya tare da mutumin da ke cikin sifika: "Ina karatuuu."

"Allah shi raba ɗiyanmu da miji irin wanga," in ji Adawiyya, tana jefa albasa a kwando. "Mace na kiranka da daɗin rai, kai kana karatu. Karatun mi? Ko alƙali na, ai yana tashi shan ruwa."

Wata ta ce ita ta tabbata gajere ne. Iliyasu ya ce a'a, irin wannan murya ta dogo ce mai dogon wuya. Ni dogo ne. Na gyara zaman hulata.

A fim ɗin 'yan iskan sun ture saurayin, sun nufi lungu. Can wani tsoho ne zaune a kan kujera, siriri, da tabarau a ƙarshen hanci, littafi a hannun hagu. Na farko ya kawo masa naushi. Tsohon bai ɗaga ido ba, ya sa hannun dama ya murɗe shi ya ajiye a ƙasa. Na biyu ya zo da sanda, ya bi ɗan'uwansa. Na uku da na huɗu suka zo tare. Tsohon ya gwara kawunansu, ya lashi ɗan yatsa, ya buɗe shafi.

"Wallahi shi na, har tabarau," in ji Mashkura.

Abin da ya biyo baya, wanda na yi shekara ina ji a ƙaramar waya ina kira shessheƙa, a cikin sifika ya fito sarai. Dariya ce. Dariya take yi har numfashinta yana ɗaukewa, tana danne ta don kada ta dami mai karatu.

Busasshiyar albasa ba ta sa hawaye sai an yanka ta. Kowa a rumfar nan ya fi ni sanin haka, shi ya sa na ciro hankici na yi kamar gumi nake sharewa.

Da sautin ya ƙare na ciro baƙin memorin na miƙa wa Iliyasu, na ce an yi musanya, ga nasa, ya ba ni mai jan ɗigon. Ya karɓi nasa ya duba, ya yarda nasa ne. Amma ya ce wancan amanar wata baiwar Allah ce. Jiya har ya ɗora yatsa zai goge, Adawiyya ta buge masa hannu, tun daga nan ya san ba abin wasa ba ne. Ba zai miƙa wa duk wanda ya shigo da farar riga ba. Jan ɗigo kuwa kowa a rumfar ya gani. Isma'ila da zai yi mini shaida yana can tasha yana lodi.

Adawiyya ta daina tsinta. Ta dubi tabarau ɗina. Ta dubi wuyana. Ta dubi aljihun rigata, inda kan wani littafi ya leƙo, don ban taɓa shiga mota ba tare da abin karantawa ba.

"Baba," ta ce, "ce *ina karatu* mu ji."

Na sa ɗaruruwan yara sun tashi sun maimaita magana a gaban aji. Ban taɓa tunanin yadda abin yake daga wancan gefen ba. Na gyara murya na faɗa, a hankali, da ladabi.

"Ba haka ba. Wanga ai da baƙo kaka magana. Faɗi yadda aka faɗa wa matar gida."

Zan iya tashi in tafi da mutuncina. Na dubi wayar da ke jingine da buhu. Na sauke tabarau zuwa ƙarshen hanci, na kawar da kai gefe, na faɗa yadda na saba faɗa shekara talatin da ɗaya.

Ba wanda ya yi dariya. Wadda ta ce gajere ne ta ja gyale ta rufe baki. Iliyasu ya buɗe bayan wayarsa da farce, ya ciro memorin, ya ɗora mini a tafin hannu da hannu biyu. Ya tambaya ina Hajiyar take, su aika mata da albasa. Na gaya musu. Rumfar ta ɗauki salati, aka yi addu'a, aka shafa.

"Allah shi jiƙanta, shi sa ta huta," in ji Adawiyya. "Amma abin da nic ce, na ce."

Na ce ban nemi ta janye ba.

Ina naɗe memorin a cikin ɗaya daga takardun Mashkura, sai na lura sifikar ba a jikin wayar Iliyasu take ba. Na tambaya to wannan fa, daga ina take magana? Adawiyya ta ce ai tun jiya ta tura a tata, in ba haka ba yaya za a haɗa fim da murya lokaci ɗaya. Sauran matan ma kowa ta karɓa. Wata ta tura wa ƙanwarta a Rimawa. Iliyasu ya ce masu lodin manyan motoci sun roƙa da safe, bai ga dalilin hanawa ba, kuma ɗaya daga cikinsu yau zai tashi zuwa kudu.

Wato lokacin da nake tsaye ina kwaikwayon kaina a gaban masu tsintar albasa, abin da na zo ceto yana cikin waya goma sha wani abu, wata ma ta kama hanyar Ibadan. Na tambayi Adawiyya me ya sa ba ta faɗa ba tun farko. Ta ce ban tambaya ba, kuma da alama dama can ba ni da yawan tambaya.

Suka cika mini leda da albasa, ba yadda na iya. Isma'ila ya yi ta hon don mu wuce kafin la'asar. A hanya ya so ya san abin da ya faru, na ce masa ya ci gaba da labarin dokinsa.

Ran Juma'a na kira Yusra na ce ta zo da wayarta. Ta zo a tsorace, tana zaton jikina ne. Na zaunar da ita a kan tabarmar uwarta, na gaya mata abin da ya kamata in gaya mata tun bara, a taƙaice, ina duban bango. Ta yi kuka, ta ce ita ta manta ma da ta taɓa ɗaukar abin. Na ce kukan ya isa, aiki ne na mutum biyu: ita ta riƙe murya, ni in riƙe fim, a ƙirga uku a danna tare. Sai da muka yi sau huɗu kafin ludayin ya faɗa daidai.

Fim ɗin shirme ne, wannan ba zan ɓoye ba. Ba mutumin da zai sha irin wannan duka ya tashi yana gyara riga, kuma ban gane abin da ya haɗa su faɗan ba har yau. Amma tsohon ya iya riƙe littafi, ba ya naɗe bango, ba ya lanƙwasa shafi.

Muka kai minti na goma sha bakwai. Ta ce, "Malam, zo ka gani." Ina zaune a kan tabarmar, wayar tana hannuna, na buɗe baki. Wancan mutumin ya riga ni amsawa.